Mu da 'Yan Tamaula

Mu dai a Tungar Guru, in ka ji dattijo yana faɗa da la'asar, to ko akuya ta shiga gero, ko tamaula ta faɗo masa tsakar gida. Kullum bakinmu na kan yaran nan: ba karatu, ba noma, sai bin fata a guje. Amma bari 'yan ƙauyen maƙwabta su zo wasa, sai ka ga mai faɗan ya tattare babbar riga yana ihu, "Ba shi mana! Kai, ba shi!"

Shekaranjiya a majalisa Kawu ya sake tayar da zancen. Wai shi fa duk ƙwallon da ta ƙara shigo masa, wuƙa zai sa mata.

Malamin firamarenmu ya yi dariya. "Kawu, Allah ya ja kwana, ka manta 2021?"

Wa zai manta? A watan Satumba aka rufe makarantun Zamfara, aka katse layin waya, aka hana cin kasuwar mako, duk saboda 'yan bindiga. Yaro ba aji, ba kasuwa, ba wanda zai kira. Wani maƙwabcina ya ce a lokacin ɗansa ya daina magana, ya daina cin tuwo, dare ya yi ya zauna yana sauraren ƙarar babur. Mu ba mu cewa ciwon damuwa, cewa muke tunani ya yi masa yawa. Aka yi rubutu, aka yi addu'a. Sannan abokansa suka zo suka ce ba su da gola, dole ya fito. Ya fita yana ƙunƙuni, ya dawo buɗu-buɗu da ƙura, ya cinye tuwo har yana neman ƙari, ya yi barci kamar an jefar da buhu.

Malam ya ce ba sihiri ba ne. Jiki in ya gaji, barci na zuwa. Yaron da aka ci ƙungiyarsu yau, gobe ya dawo fili, ya koyi haɗiye baƙin ciki. Babban abin kuwa shi ne ana neman sa. Ranar da bai zo ba, yara goma za su tambayi inda yake, kafin mu iyayensa mu gane ko ramin zinare ya nufa, ko ya fara raɓar masu shan tiramol.

"Su duka sun ɗauka Ahmed Musa za su zama," in ji Kawu. "Shi ma biyu kawai ya ci Ajantina a 2014, kuma aka cinye mu."

Muka ce to Kawu, kai da wa ka yi langa? Nan fa baki ya buɗe. Shi ne ruwa, in ji shi, a farin wata, ƙafa ɗaya a hannu, sa'o'insa na share masa hanya har ya sha. Ya lissafo sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na raye da na mace.

Inna mai ƙosai ce ta katse mu. "Ku naku ke nan. 'Yan matan fa? Da muna da gaɗa a dandali, yanzu magariba na yi sai kulle ƙofa. Su ina za su kai nasu tunanin?" Majalisa ta yi tsit.

Jiya kuwa ƙwallon ta sake faɗawa gidan Kawu. Ya fito da ita yana masifa, ya ajiye a ƙasa, ya ja da baya taku uku. Takalminsa ya riga ta isa fili.