Baƙin Luksor Iri-Iri Ne

Luksor ƙaramin gari ne in an kwatanta shi da Alkahira. Yana kudancin Masar a bakin Kogin Nilu, tafiyar dare guda a jirgin ƙasa daga babban birnin. A nan fir'aunoni suka gina manyan gidajen bautarsu, a tsallaken kogin kuma suka haƙa kaburburansu, shi ya sa daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da zafi ya lafa, garin kan cika maƙil. Duwatsun an sha ba da labarinsu. Masu zuwa kallon duwatsun ne ba a cika kula da su ba, alhali su ma abin kallo ne.

Akwai mai raina rana. An gaya masa wuraren na buɗewa tun ƙarfe shida na safe, a yi sammako. Sai ya yi dariya ya ce, "Ni da na tashi a Sakkwato za a tsorata da rana?" Ya yi barcinsa, ya karya a tsanake, ya isa haikalin Hatshefsut da azahar. Ginin wannan sarauniya hawa uku ne a gindin wani tsauni, kuma tsakanin inda mota ke ajiye mutum da matakalar babu inuwar kirki. Da bazara zafin kan haura digiri 40. Can za ka tarar da shi a bayan wani ginshiƙi, ya cire hula yana fifita, yana tambayar inda ake sayar da ruwa.

Sai sarkin ciniki. Wannan ya yi imanin duk wanda ya goge a Kantin Kwari ba a haifi mai cutarsa ba. Mai keken doki ya tare shi a bakin kogi ya faɗi kuɗi, ya taya rabi, aka sallama nan take. Ya hau yana murmushi, yana wa abokan tafiya kallon ku koyi sana'a. Da aka sauka ya miƙa kuɗi, sai mai keken ya ce ai fam ɗin Ingila yake nufi, kuma na mutum ɗaya ne, sannan doki ma yana jiran nasa tukuicin. Laifin na Alhaji ne. Kafin ƙafa ta taka keken ake tsayar da magana: fam ɗin Masar, na duk wanda zai hau, zuwa da dawowa, ba ratsewa kasuwa. Ƙanensa a wannan aji shi ne mai jin nauyin mutane, wanda ba ya iya cewa "la, shukran" (a'a, na gode) ya wuce. An ɗora masa gyale a kafaɗa an ce kyauta ne, an kai shi shagon masu sassaƙa dutse "a sha shayi kawai". Da yamma ya dawo otal rungume da kyanwar dutse da bai san inda zai ajiye ta a gidansa ba.

Wanda na fi so shi ne mai neman Fir'auna. Tun daga ƙofar haikalin Karnak, duk gunkin da ya gani sai ya ja hannun ɗan jagora: "Malam, wannan ne na Annabi Musa?" Ɗan jagora ya sha wannan tambaya har ya gaji. Zai ce masa mutane da yawa na ambaton Ramsis na Biyu, amma masana tarihi ba su tsaya a kan magana ɗaya ba, kuma gawar Ramsis ɗin tana gidan tarihi a Alkahira. Bai gamsu ba, gunki na gaba ma sai ya tambaya. Haka zai ratsa babban zauren nan mai ginshiƙai 134, mafi tsawonsu sun kai mita 21, bai ɗaga kai ya ga sauran fentin da ya shekara fiye da dubu uku a jikin dutse ba. Kusa da tafkin haikalin kuma sai ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai: manyan mutane da kyamara a wuya suna ta kewaya gunkin buzuzu, wai in an cika zagaye bakwai buƙata za ta biya. Ya yi salati, ya ja da baya. Hankalinsa ba ya kwanciya sai an je Haikalin Luksor da ke tsakiyar gari ya ji kiran salla daga cikinsa. Masallacin Abul Hajjaj ne, an gina shi a kan haikalin lokacin da ƙasa ta binne ginin, shi ya sa yanzu da aka tone, tsohuwar ƙofarsa take can sama kamar an rataye ta. Har yau ana salla a ciki.

A Kwarin Sarakuna kuwa mutum biyu ne ke ba da dariya. Na farko mai gaggawa. Kaburburan sun haura 60, ba duka ake buɗewa ba, tikitin shiga kuma na uku ne kacal. Shi sai ya afka ukun da suka fi kusa da ƙofa, mai gadi ya huda masa tikiti sau uku, sannan ya fara tambayar wanne ne ya fi kyau. Ɗan jagora ba a yarda ya yi bayani a cikin kabari ba, don haka a waje ake tambayarsa, tun kafin a zaɓa. Na biyu mai tsoron tsinuwa. Ya ji cewa Kanabon, Baturen da ya ɗauki nauyin tono kabarin Tutankamun a 1922, ya mutu bayan 'yan watanni. Gaskiya ne, amma cizon sauro ne ya rikiɗe masa, shi kuwa Hawad Kata da ya buɗe kabarin da hannunsa sai 1939 ya rasu. In an lallashi mai tsoron tsinuwar ya sayi tikitin Tutankamun, wanda dabam ake biya, zai fito yana ƙorafin ɗakin ƙarami ne kuma bai ga zinariya ba. Ai tuni aka kwashe ta zuwa Alkahira.

Mai hoto ba sai an daɗe a kansa ba. Ya juya wa kowane gini baya, kuma duk mai gadin da ya nuna masa "wuri na musamman" yana jiran bakshish, wato tukuici. Mai son rubuta sunansa a bango kuwa a hana shi, ko da zai kafa hujja da Girkawa da Rumawan da suka bar nasu a ƙafafun gumakan Memnon.

Kai da ke shirin zuwa, ka riƙe katin banki, don manyan wuraren sun koma karɓar kuɗin tikiti da kati, ka kuma tanadi ƙananan canji na tukuici. Tsallaken kogi ka ba shi safiya guda, jirgin fito na jama'a ya fi kwalekwalen haya araha. Karnak ma safiya guda. Da rana ka koma inuwa ka sha karkade mai sanyi, zoɓo ne ba wani abu ba. Haikalin Luksor ka bar shi sai bayan magariba, lokacin ake kunna masa fitilu, kuma a ƙafa ake zuwa daga yawancin otal-otal na tsakiyar gari.