Jaka Biyar ɗin da Na Ƙi Biya

Kukan ya fara ne a hanyar Filinge, bayan mun wuce Bonkuku. Wani gurnani ne daga bayan mota, in na taka mai ya ƙaru, in na sassauta ya lafa. Uwargida ta leƙa ta taga tana neman jirgin sama. Ni kuwa na ƙara muryar rediyo, gyaran farko ke nan da duk mai tsohuwar mota ya iya.

Motar Toyota Starlet ce, irin wadda aka daina ƙerawa tun 1999, irin da ta cika Yamai tana aikin tasi. Ta yi ƙuruciyarta a Turai, tsufa ya same ta a hannuna. Ta sha buhunan gero, ta sha ruwan kwari da damina, ta sha yashin Dallol Bosso, don haka in ta yi ƙorafi ba zan ga laifinta ba.

Da muka dawo Baleyara na tsaya wajen makaniken tasha. Bai ko tashi daga kan bencinsa ba.

"Mushe, rulma ne," ya ce. Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu, rulma kuwa shi ne abin da 'yan Najeriya ke kira boris. "Kawo ta. Kaya naka, kuɗin hannu jaka biyar."

Jaka biyar, a kan abin da ya gano yana zaune! Na ce zan yi shawara. Da dare na yi shawarar da wayata. Na sami wani Bature a cikin gareji mai daɓen siminti, hannunsa cikin safa, yana canja rulman mota irin tawa. Da Ingilishi yake magana, ni kuma Faransanci aka koya mini, amma ai aikin hannu ba ya bukatar tafinta. Kafin shayina ya huce ya gama, bai ko yi gumi ba.

Saura sanin wace ƙafa ce. Ban koma na tambayi makaniken ba, kada ya ɗauka bukatarsa nake. Na lura cewa duk lokacin da na karya kan mota hagu, kukan ƙaruwa yake. Hagu na juya, kuka ya ƙaru, to ƙafar hagu ce. Lissafi nake koyarwa. Na ba wani direban Hiyas saƙo ya sayo mini kayan a kasuwar Katako ta Yamai. Suka iso cikin kwali an rubuta Japan da manyan baƙaƙe, kuɗin dai bai yi kama da na Japan ba.

Malamin lakwal ba shi da ranar kansa sai Lahadi, Lahadi kuwa a Baleyara ba ranar kowa ba ce, ranar kasuwa ce. Tun daren Asabar gari ke cika: Buzaye da raƙuma, Fulani da shanu, Zabarmawa da Kurfayawa da amalanken gero da kanwa da tabarmin kaba, ga dillalan Yamai da suka yo tafiyar kusan kilomita 100 neman dabbobi. Duk mai ɗan'uwa a gari ya sami masauki. A gidana ranar akwai kawun uwargida, ya taho daga ƙasar Kurfai da raguna, da wani abokinsa Buzu, sai kuma maƙwabcina Bazabarme wanda ba ya jiran gayyata.

Ni Bagobiri ne, aiki ya kawo ni. Tsakaninmu da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma a 2014 UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Wato mutumin nan yana da izinin Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna a kujerata, ya sha shayina, ya ci mini mutunci. Ya kuwa jawo kujerar har gindin mota.

Kafin komai na ja birkin hannu har ya yi ƙararsa ta ƙarshe, na sa giya, na tokare ƙafafun gaba da duwatsu. Mutum ne ni mai kiyaye ƙa'ida. Na sassauta notin taya huɗu da kile mai lamba 21, na kafa jak, na shiga juyawa. Na juya, na juya, gumi na zuba, mota ko gezau. Da na duƙa sai na ga jak ɗin yana aiki, ƙasa kawai yake yi.

"Ci gaba, bawana," in ji maƙwabci. "Nan Dallol ne, ruwa ba nisa. Dama unguwar nan muna neman rijiya."

Na ɓalle katako daga bencin zaure na shimfiɗa wa jak, mota ta tashi. Baturen ya tokare tasa da wata ƙafar ƙarfe, domin ba a amince wa jak shi kaɗai, kuma a nan yana da gaskiya. Ba ni da ƙafar ƙarfe. Na shiga cikin gida na mirgino turmi.

"Malam, turmina?"

"Aro ne. Kafin ki jiƙa gero na dawo da shi."

Daga nan aiki ya tafi daidai. Na ɓamɓare hular ƙarfen da ke tsakiyar ƙafa, na miƙe 'yar ƙusar nan mai baki biyu da makanikai ke kira gupi na zare ta, na cire murfin noti, da notin, da faifan da ke bayansa, da ƙaramin rulma na waje. Na jera su kan tabarma bi da bi, yara suka kewaye ni suna kallo cikin girmamawa. A wannan motar, tambur ɗin birki da cibiyar ƙafa abu guda ne, rulma biyu na zaune a cikinsa, babba ta ciki, ƙarami ta waje, kowanne da zobensa. Da ka cire noti sai tambur ya zamo ya faɗo hannunka. Haka na Bature ya yi.

Nawa ya ƙi. Na ja, na girgiza, na ƙwanƙwasa da guduma, na ƙwanƙwasa da abin da ya fi guduma. Nan take kwamiti ya kafu.

"Ɗana, wannan ba tsatsa ba ce," in ji Kawu. "Da wa ka yi faɗa a wurin aiki?"

Buzu ya ce a kawo igiya, raƙuminsa na ƙofar gida ba ya aikin komai. Wani maƙeri da ya leƙo gaisuwa ya ce wuta ce maganin ƙarfe mai taurin kai, a hura gawayi a ƙarƙashi. Tankin mai yana nan taku ɗaya daga wurin. Na gode masa, na raka shi har waje.

Na dawo na zauna a ƙasa, na tokare ƙafafuna biyu, na rungumi tambur, na yi bisimilla na ja da duk ƙarfin da Allah ya ba Gobir. Ashe 'yar autarmu ta shige kujerar direba tana tuƙi da baki. Ta ga wani sanda mai maɓalli a kai, ta danna. Ban san lokacin da na bar wurin ba. Na dai tsinci kaina zaune cikin bahon wanki, tambur a ƙirjina, ƙafafuna na kallon sama.

Birkin hannu, ga wanda bai sani ba, takalman da ke cikin tambur ɗin baya yake buɗewa su maƙale shi. Baturen bai faɗi haka ba. In ma ya faɗa, da Ingilishi ya faɗa.

"Yarinyar nan ta fi ubanta," in ji maƙwabci. "Da gani jinin uwarta ta ɗauko."

Na wanke tsofaffin rulman da fetur. Suka fito fes, 'ya'yansu na sheƙi, ba tabo ba tsaga. Na ɗaga babban ga rana, na tsuke fuska, na ce, "Kun gani? Ya cinye." Kwamiti ya gyaɗa kai. Na fitar da zobban da dogon bulo da guduma, ɗan yatsana ya karɓi rabonsa, na watsar da su duka bayan katanga. Sababbin zobba kuwa Bature ya sa nasa a firji don sanyi ya ɗan tsuke su su shiga da sauƙi. Na cusa nawa cikin ƙullin zoɓon da uwargida ke sayarwa. Ashe tun safe an ɗauke wuta. Na dai kora su ciki da guntun icce, ɗumi-ɗumi, suna ƙanshin citta.

Wurin da na ji daɗin aikin shi ne cusa giris. Za ka ɗebo curi ka ɗora a tafin hagu, ka riƙe rulma da dama, faffaɗan bakinsa ƙasa, ka riƙa datsar gefen curin kana dannawa, har giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan, sannan ka ɗan juya ka sake. Aiki ne na natsuwa. Sai dai ranar kasuwa ce, kowane baƙo ya shigo sai ya miƙo hannu. Ina ba da tsintsiyar hannu, ina amsa ina gajiya ina iyali, har wani dattijo ya ƙi yarda da tsintsiya, ya kamo tafin ya girgiza. Rulma ya suɓuce ya mirgina cikin yashi. Na ɗauko shi kamar tsiren da aka barbaɗe da ƙuli. Na aika yaro ya sayo wata kwalbar fetur, aka koma farko.

Azahar ta yi, ta wuce. Na mai da tambur, na sa ƙaramin rulma da faifai, na ɗora noti. Na ɗauko waya in ga yadda ake ƙarasawa. Bature ya kama notin da kile, ya ɗaure yana juya tambur, ya ɗago kai ya ɗaga ɗan yatsa alamar ga magana mai muhimmanci, sai hoton ya tsaya. Kuɗin intanet ya ƙare. Ya bar ni da yatsansa a sama.

A karo na farko tun safe, bakin kwamiti ya zo ɗaya.

"Ɗaure shi tamau," in ji Kawu. "Ƙafar mota ce. In ta fice a hanyar Filinge, 'yata ce a ciki."

Wa zai yi musu da wannan? Duk abin da na sani a duniya, daga igiyar guga har bakin buhu, ɗaurewa ake yi ya zauna lafiya. Na ɗaure da kile. Na zura wa kile bututun ƙarfe na ƙara. Na hau kan bututun na yi tsalle. Gupi ya ɓace daga kan tabarma, ana zargin kaza, sai na zaro ƙusa daga abin da ya rage na benci na lanƙwasa a madadinsa. Na gwada juya tambur, da ƙyar yake motsi. Na ce sabo ne, zai saki. Na mai da taya, na sauke jak.

Ƙas!

Daga cikin gida aka ce, "Malam, ƙarar me na ji?"

Na ce a shiga mota maza, gwaji ba ya jira.

Kawu a gaba, maƙwabci a baya, muka hau hanyar Filinge. Kukan yana nan inda na bar shi, bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Na ce sabon rulma ne ke neman wurin zama. Ba mu yi nisa ba Kawu ya shaƙi iska ya ce wa ke gashi a dajin nan. Na tsaya. Hayaƙi na fita daga ƙafar hagu siriri. Maƙwabci ya sauko, ya duƙa, ya tofa yawu a kan hular ƙarfen, ya yi cuu.

"Madalla," ya ce. "Kawu, ina ragunan? Murhu ya yi."

Amalanken jaki ne ya jawo mu zuwa gari, daidai lokacin da kasuwa ke watsewa. Ban taɓa sanin ɗalibaina suna da yawa haka ba. Suka jeru bakin hanya, hannu a ƙirji, murya ɗaya: "Bonsuwar, Mushe!"

Makaniken bai ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Sai da ya nemo nasa bututun kafin notin ya motsa. Sabon rulman ya fito shuɗi, giris ya zama ruwa.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Kwamiti ya dubi sama.

"Mushe, irin wannan rulman mai tsini ba ya son ƙarfi. Za ka ɗaure kana juya ƙafa don ya zauna, sannan ka kwance, sannan ka mai da noti da yatsu biyu, har wasan ƙafar ya ɓace, ka tsaya nan. Gupi shi ke hana noti kwancewa, ba tsalle ba. Allah ya so ka, sandar da ƙafar ke juyawa a kai ba ta ci ba."

Abin da yatsan Bature ke shirin faɗa ke nan.

Sannan ya zaga ya ɗaga ƙafar dama, ya wulwula ta. Gurgur, gurgur. Ya kamo hannuna ya ɗora kan sifirin, na ji abin yana kakkarwa har haƙorana.

"Amma in na juya hagu ne yake kuka," na ce.

"In ka juya hagu, ina nauyin mota yake komawa?"

Yaron garejinsa, wanda na taɓa ba sifiri a lissafi, ya ce, "Dama."

Kuɗin hannu ya koma jaka goma, ƙafa biyu ke nan, ban da sabon saƙo zuwa Katako, ban da mai jaki, ban da turmi, wanda uwargida ta zaɓa da kanta Lahadin da ta biyo, kuma ba ƙarami ta zaɓa ba. Makaniken ya ce in tsofaffin na hagu suna nan da zobbansu a kawo, lafiyarsu ƙalau, zai mai da su in huta da sayen saiti ɗaya. Na zaga bayan katanga da tocila, babu su babu dalilinsu.

Da safe na ga ɗan maƙwabci ya wuce da baro cike da jarkoki. Baron da ƙugin ƙafarsa ke tashin unguwa da asuba, yau shiru yake tafiya sumul. Na je na yi sallama, na ce a ba ni kayana.

"Wane kayanka?" in ji shi, yana kurɓar shayi. "Yaushe bawa ya fara mallakar dukiya? Abin da Bagobiri ya yar, na ubangidansa ne. Amma tunda ka zo, hannun famfon gidan nan ya yi sako-sako. An ce ka iya ɗauri."