Bayan an naɗe tabarmi

To, masu taɓe baki, na hango ku. Tun ban ce uffan ba kun fara: "Wai mu za a koya wa zaman makoki? Mu da muka gaji ta'aziyya kaka da kakanni?" Gaskiyarku. A Gidan Goga babu wanda za a koya wa faɗin "ya haƙuri". Ƙasar Maradun ta sha jana'iza a shekarun nan na 'yan bindiga, kuma dattawa ba su manta da manoman Bakolori da aka harbe a 1980 ba. Kun iya kam. Kwana uku kuna bisa tabarma, carbi a hannu, ana ta "Allah ya jiƙan rai".

Ran na huɗu fa, ina kuke shiga?

Kafin ku ba ni amsa, bari in tona asirin kwana ukun ma. Da aka kashe Ja'afar a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalinsa abinci. Mu kuwa mun kifa zancen: gidan mamaci ke ɗora mana tukunya. Alhaji, kai da ka ce a ƙaro miya, ban ambaci suna ba, daina zare ido. Daga fatiha sai farashin taki, daga taki sai siyasa.

Ana naɗe tabarmi mai rashi ya koma bakin aiki. Malamin firamare ne, a ce. Ya riƙe alli ya tsaya gaban allo, ya manta abin da zai rubuta. Abokan aiki suka dafa kafaɗarsa: "Haba Malam, kai fa namiji ne." Shi ke nan an gama jinya! Wai namiji ba ya kuka. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu, idanun mahaifinsa sun zubar da hawaye. Kai jarumin majalisa, wa ka fi tawakkali?

Ga wani can yana cewa ciwon damuwa na Turawa ne, su da ke biyan likita don ya saurare su. To, kai an yafe maka kuɗin likita, kana da benci da inuwa. Amma da abokinka ya ambaci marigayin sai ka yi wuf ka ce "a dai yi haƙuri", ka kawo hirar ƙwallo. Tsakani da Allah, shi kake tausayi, ko kunnenka kake ceto? Bar shi ya faɗi sunan ɗansa sau goma. Ba fatawa ya zo nema ba.

Sauran aikin ba ya son dogon Larabci. Karɓi ajin malamin nan na mako guda. A tara gayya a nome masa gona kafin ciyawa ta cinye gero. Hajiya, ƙawarki na takaba wata huɗu da kwana goma. Wa ke kai mata ƙuli-ƙulinta kasuwa? Wa ya bincika ko marigayin ya bar bashi?

Gobe in ka taso, biya ta gidan abokin nan naka. Ka kuma ci tuwonka a gida kafin ka je.