Tsundum! Sai Ka Ga Halin Mutum

Akwai wata ƙara da duk wanda ya saba shiga kwalekwale ya sani. Ba ta da ƙarfi, ko faɗuwar guga a rijiya ba ta kai ba. Tsundum kawai za ka ji, sai jirgi ya yi tsit, kowa ya kai hannu aljihu yana laluben nasa. Wanda ya laluba ya ji wayam, to shi ne mai abin. Na sha jin wannan ƙara a dam ɗin Muhammadu Ayuba da ke Kazaure, inda nakan bi masunta in na sami sarari, na kuma ji ta a mashigan ƙasar Roni da Gwiwa da Babura in damina ta kankama, lokacin da rafin da jaki ke tsallakawa da rani ya koma sai da mai fito. Na daɗe ina kallo, har ta kai daga yadda mutum ya buɗe baki bayan tsundum ina iya gane ko yana biyan bashi.

Mafi sauƙinsu shi ne mai salati. Ba ya cewa komai sai innalillahi, ya bi wurin da ido har kumfa ta lafa, ya ce haka Allah ya so, dama ba rabonsa ba ne. Jirgi duk a yi ta yaba tawakkalinsa. Sai an kai gaɓa a ji ashe wayar ta ƙanensa ce, aro ya yi.

Sai mai neman wanda ya ture shi. Kafin abin ya taɓa laka ya riga ya samo masu laifi uku: mai fito da ya karkata, matar da ƙwaryarta ta zungure shi, da akuyar da aka ɗaure a tsakiya. Hannunsa da ya zura waje yana ɗaukar hoton duwatsun Kazaure ba ya cikin lissafi.

Mai silifas kuwa, na taɓa ganin guda da idona. Ƙafa ɗaya ta suɓuce, iska ta ja ta. Ya yi tsaki, ya ce me zai yi da wari guda, ya cire ɗayar ya wurga ta can nesa. Bai rufe baki ba wani yaro ya sa filafili ya janyo ta farkon ya miƙa masa. Har muka sauka yana riƙe da ita yana juyawa, bai ce wa kowa uffan ba.

Akwai kuma wanda buhun gishirinsa ya zame, ya tsaya ciniki da mai nutso kusan awa guda a kan ladan cirowa. Da aka daidaita, an ciro masa buhunsa lafiya lau, wankakke, ba ko ƙwaya a ciki.

Ba a rasa gwanin baka a kowane jirgi. Shi ba abinsa ne ya faɗi ba, amma shi ya fi kowa sanin yadda za a yi. Zai gaya maka ya je Argungu, ya shiga Matan Fada da gora, ya yi nutso har mutane suka fara yi wa iyalinsa ta'aziyya. Ka ce to Malam bismilla, ga ruwa. Nan take za ka ji yau da mura ya tashi, kuma shaddar nan jiya aka karɓo ta daga wurin bugu. Ɗan'uwansa shi ne mai aljanu, wanda zai yi ƙasa da murya ya ce a bar abin nan, masu wurin ne suka karɓa, duk wanda ya bi sawu ya kuka da kansa. Washegari da asuba shi za ka tarar a daidai wurin, shi kaɗai, da doguwar igiya da ƙugiya. Mai ɗaukar bidiyo don TikTok ba sai na ɓata masa tawada ba. Yana leƙawa ya ɗauko fuskar mai kuka, sai a ji tsundum na biyu.

To amma duk waɗannan yara ne a gaban mutumin da nake kira Alhaji Ko-Nawa-Ne. Shi kam na yi karatunsa ciki da bai, don sau uku Allah na haɗa ni jirgi da irinsa, kuma kamar uwa ɗaya ta haife su.

Wayarsa ce ke faɗawa, kullum waya, kuma kullum yana tsakiyar yi wa wani faɗa a cikinta. Da ta nutse sai ya dafe hula da hannu biyu, muryar da ɗazu ke tsawa ta koma ta maraya. "Jama'a ku taimake ni! Ko nawa ne zan biya, wallahi ko nawa ne!" Sai ya shiga lissafa abin da ke ciki: lambobin mutanensa na Legas, hoton takardar fili, layin da banki ke turo masa saƙo, ga wahalar walkam-bak da bin layin NIN. Ka rantse ba waya ce ta nutse ba, gidansa ne da iyalinsa.

Mai nutso ya tuɓe riga. Nan da nan ya tashi daga "kai yaro" ya zama "ɗana", kafin ya jiƙa ƙafa ya zama "ɗan Sarkin Ruwa". Ya shiga karo na farko ya fito hannu wayam, Alhaji ya ce dubu goma. Karo na biyu ya fito da gwangwanin madara, Alhaji ya ce dubu ashirin, kuma jama'a su zama shaida. A na uku yaron ya ɗan jima a ƙasa, sai na ji Alhaji na tambayar ko yana da aure, don shi mutum ne mai son taimakon matasa.

Can sai ga hannu ya ɓullo, waya a ciki, laka na ɗiga. Daga wannan daƙiƙa farashi ke fara gangara, kuma yana gangara ne daidai da yadda wayar ke matso Alhaji. Tana hannun yaro a ruwa, dubu ashirin tana nan. Ta iso gefen jirgi, "ai za mu yi magana". Ta shiga hannun Alhaji, sai ya goge ta da bakin riga, ya juya gaba ya juya baya, ya ɗaure fuska kamar mai duba doki a kasuwa.

"Kai, ai ta jiƙe."

"Ranka ya daɗe, ai a ruwa na samo ta."

"Kuma wannan tsagin da can babu shi. Da ƙafa ka taka ta ko?"

Da ƙafa mana, da me ake lalube a ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani? Amma Alhaji ya sami abin riƙewa. Sai ya laluba aljihu ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 ya daina yawo da tsaba, taransifa yake yi. "Da yanzu na tura maka, to ga wayar ka gani." Wallahi na ji wannan da kunnena, kuma ban san lokacin da na sara masa a zuci ba, don hujja ce da ko alƙali sai ya yi shiru. A ƙarshe ya zaro naira hamsin, 'yar ledar nan da ruwa ba ya yi wa komai, ya miƙa wa yaron da haƙoransa ke kaɗawa, ya ce, "Ungo, ka sha ruwa." Mutumin da ya gama shanye rabin dam! Sauran dubu goma sha tara da ɗari tara da hamsin kuwa a addu'a aka biya su, doguwa, har da 'ya'ya da jikoki. Bai sauka ba sai da ya roƙi wata baiwar Allah tiya guda ta shinkafa daga buhunta, wai zai binne wayar ta tsotse ruwan. Ita ma Allah ya yi mata albarka.

Masu nutso dai sun yi karatun ta-natsu. Yanzu wanda ya goge in ya taɓa abin a ƙasa sai ya soke shi a ƙugu, ya ɓullo hannu wayam yana haki, ya riƙe gefen jirgi ya ce, "Alhaji wurin da zurfi, sai dai a fara ajiye wani abu a hannun mai fito." In an ajiye, ya nutsa kansa kamar mai alwala ya fito da ita. Wasu na cewa wannan wayo ne. Ni ban ga laifinsa ba, Alhaji ne malaminsa.

Takwararsa a mata ita ce Hajiya mai ɗan kunne, sai dai nata lissafin hawa yake yi. Lokacin da ya faɗi cewa ta yi, "Wayyo ɗan kunnena." Da aka yi nutso biyu ba a gani ba ya zama gwal. A tsakiyar ruwa ya zama gwal ɗan Dubai. Kafin mu kai gaɓa ya zama gadon kakarta, giram ɗinsa na ƙaruwa da kowane bugun filafili. Wannan ita ce kaɗai a jirgin da ke addu'ar kada a samo, don warin da ya rage a kunnenta ya riga ya fara kore.

Akwai wani kuma da ba na son in tsananta masa, saboda mutumin kirki ne, mai ilimi, yana ma rubutu a mujalla. Tabaransa ne ya zame daga hanci yana leƙen wata tarwaɗa. Maimakon ya yi ihu, sai ya yi abin da ya ga ya dace da mai hankali: ya dangwala yatsa a gefen jirgi daidai inda tabaran ya bi, ya danne, ya ce kada kowa ya damu, ya riƙe wurin. Jirgi na tafiya, yatsa na nan. Da aka samo mai nutso aka ce a ina ya faɗi, sai ya nuna ƙarƙashin yatsansa da cikakken tabbaci. Tsohon masuncin da ke tuƙi bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi, "Malam, ruwa ba a yi masa shaida a jikin jirgi." Ashe shi tun da ya ji ƙarar ya ɗaga kai ya haɗa wata giginya da ƙoƙon wani dutse a ido, ya waiga ya haɗa wata bishiyar da bakin gaɓa. Ya koma da mu har layukan biyu suka gamu, ya kafa gwangwala a laka, yaronsa ya bi jikinta ya sauka yana shara da tafin ƙafa. Ba a samu ba, laka ta haɗiye. Har yau in na tuna sai in ji yatsan nan nawa yana yi mini ƙaiƙayi.

Duk waɗannan ina iya zama da su a sha fura. Mai zabura ne na fara ja da baya da shi. Iska ta ɗauke masa hula, sai ya miƙe tsaye zumbur ya rankwafa da duk nauyinsa, a jirgin da tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce yatsu huɗu ba, ga mata da goyo, ga buhuna, ga mashin an kwantar. Duk wanda ke wannan yanki bai manta da Bagwai ba, nan maƙwabtanmu a jihar Kano, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin da ya taso daga Badau ya kife a ruwan Watari, akasarin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Bayan wannan, mutum ya girgiza jirgi cike da jama'a saboda hula, ai sai dai a ce Allah ya shirya.

Amma wanda ba na iya yi wa dariya ko kaɗan shi ne mai tura ɗan wani. Makullin mashin ɗinsa ya faɗa kusa da gaɓa, babu babban mai nutso a kusa, ko kuma akwai amma ya san zai nemi haƙƙinsa. Sai ya waiga ya hango almajiri na wanke 'yar rigarsa, yaron da bai fi shekara goma ba. "Kai, zo nan. Ka iya ruwa? Shiga ka ɗauko mini, zan ba ka ɗari biyu." Yaron da bai karya ba tun safe, me zai ce? Mutumin nan ya sani sarai abin da ke ƙasan ruwan: taɓo mai riƙe ƙafa har gwiwa, tsohuwar koma da ta yage aka bari, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, saiwar kacala da in ta naɗe mutum sai wani ikon Allah. Masuncin da aka haifa a wannan sana'a ma ba ya shiga sai da gwangwala a kafe da wani a sama yana ƙirga masa numfashi.

Na ga an yi haka a wata mashiga, shekarun baya. Yaron ya shiga sau biyu. A na biyun ya daɗe har mai fito ya yar da filafili ya faɗa da rigarsa, ya fito da shi yana aman ruwa, zaren koma naɗe a idon sawunsa. Mai makulli tambayar farko da ya yi ita ce, "Ya samo?" Kusa da shi kuma ga ɗansa na cikinsa, sa'an wancan, yana zaune a kan buhu da takalmi sau ciki, an ce masa kada ya kuskura ya matsa bakin ruwa. Ban san abin da ya riƙe mini harshe ba ran nan, kuma har yau ina jin kunyar shirun da na yi.

Don haka ina roƙon sarakunan ruwa da masu fito na ƙasar nan, daga Kazaure har Babura: duk wanda kuka ji ya kira yaro ƙarami ya shiga ruwa neman kayansa, ku tsawatar masa a gaban jama'a, kada ku duba girman rigarsa. In ya ce makullin dole ne a ciro, ku nuna masa wurin, ku riƙe masa agogo da hula, ya shiga da kansa.