Gani Ya Kori Ji

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma ban ga inda maganar nan ta zauna daram ba kamar a kan wayar wutar alfarma da ake sayar wa masoya kiɗa a Amurka da Turai, wadda intanet ta kawo tallarta har cikin tafin hannunmu. Ba wayar lasifika nake nufi ba. Kun san baƙar wayar nan mai baki uku da ke bayan kowace kwamfutar tebur, wadda ke tashi daga soket ta shiga bayan amfilifaya? To ita aka ɗauka aka yi wa naɗi, aka saka mata riga saƙaƙƙiya, aka yi mata kauri kamar damtsen ɗan dambe. Kamfanoni irin su Nordost da AudioQuest da Shunyata Research ne masu naɗin, kuma a cikin wayoyin akwai wadda kuɗinta ya haura dala 10,000, alhali tsawonta bai kai mita biyu ba. Duk wanda ya kira wannan tsada bai san aikin da baiwar Allah take yi ba.

Ku dubi tafiyar da wuta ke yi kafin ta iso gare ta. A ce a Kano kake. Wutar ta baro Shiroro da ƙarfin bolt 330,000, ta ratsa Kaduna, ta sauka Kumbotso, ɗaruruwan kilomita a kan wayoyin alminiyon da rana ke gasawa, hazo ke lulluɓewa, tsuntsaye ke hutawa a kai. An rage ta zuwa 132,000, an sake ragewa zuwa 33,000, zuwa 11,000, sannan ta faɗa taransifomar unguwa mai ɗigar mai. Daga nan ta hau falwaya, ta bi ta ƙullin da wani ya murɗa da filaya, ta shiga mita, ta bi siririyar wayar da aka binne a bango tun ranar da aka yi filasta. Ta yi wannan doguwar tafiya cikin ƙura da tsatsa ba wanda ya tausaya mata. Sai a taku biyun ƙarshe gimbiya ta tarbe ta, ta yi mata wanka, ta shafe ta da turare, ta miƙa ta ga amfilifaya tsarkakakkiya. Ina wani gwanin da zai iya haka? Mutum ya taho Kano daga Legas a bayan tirela, a shimfiɗa masa darduma daga ƙofar gida zuwa zaure, gajiyar hanya ta bi iska!

Har ma a cikin filogin kanta akwai abin al'ajabi. Filoginmu mai ƙafa uku, irin na Ingila, yana da fis a ciki, kuma duk wutar sai ta bi ta wannan ɗan siririn zare kafin ta shiga kaurin gimbiya. Masu hikima sun lura da wannan, shi ya sa suka fito da fis na alfarma shi ma, na ɗaruruwan daloli. Allah ya ƙara basira.

Mahassada, wato injiniyoyi, ba sa rasa abin faɗa. Wai amfilifaya ba ta amfani da wutar bango yadda ta zo. Wai da shigarta taransifomar ciki ke rage ta, dayod su miƙar da ita ta daina kai-komo, manyan kafasita su tara ta kamar randa, daga randar ne kiɗa ke ɗiba. Wai in ka ɗauki wayar jan ƙarfe ta kasuwa mai kaurin milimita 1.5, mita biyu, ka ja amfiya biyu ta cikinta, abin da za ka yi asara bai wuce kashi ɗaya cikin goma na bolt ɗaya ba, a gidan da wutar bango ke hawa da sauka da bolt goma ko ashirin tsakanin safe da dare. Lissafinsu daidai ne, ban musa ba. Amma lissafi aikin talaka ne. Wanda ya biya dala dubu goma ya wuce a auna masa abu da mita.

Abin da ya fi burge ni da gimbiya shi ne sharuɗɗanta, don magani mai ƙarfi ba ya rasa sharaɗi. Ba a saye yau a ji daɗi yau. Sai an bar ta a jone na sa'o'i ɗari ko fiye, wai ta nuna. Kada ta taɓa ƙasa, akwai 'yan kujerun da ake sayarwa na ɗora ta. Wata an tsoma ta a sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili. Wata an ce jan ƙarfenta yana da gaba yana da baya, duk da cewa wutar da ke cikinta tana zuwa ta dawo sau 50 a kowace daƙiƙa. AudioQuest har batir mai bolt 72 suke mannawa a jikin wasu wayoyinsu, ba don ya ba na'ura wuta ba, don ya daidaita rufin wayar. In ka cika duk wannan ba ka ji bambanci ba, laifin na lasifikarka ne, sai ka sake wata. In ka sake ba ka ji ba, kunnenka ne bai waye ba. Bokan da ya ce a kawo baƙin zakara marar gashi fari ko ɗaya, ya zo ya ɗauki darasi: a nan mai magani ba ya taɓa faɗuwa, kullum majinyaci ne bai cika ƙa'ida ba.

Ga ta da kunya kuma, irin ta 'yar gidan mutunci. A 2004 wata ƙungiyar masoya sauti a yankin San Francisco ta shirya mata gwaji. Aka haɗa Valhalla ta Nordost, mai kuɗi sama da dala 2,000, da wayar banza ta gama-gari, aka ɓoye wa masu sauraro wadda aka jona, aka ce su faɗa da kunne. Cikin amsoshi 149, guda 73 ne suka dace, wato kashi 49 cikin ɗari. Da kwabo aka riƙa jefawa sama, abin da za a samu ke nan. Mahassada suka ce ana yabonta salla ta kasa alwala. Ni kuwa na ce ba su fahimce ta ba. Gimbiya ba ta aiki a bayan labule. Sai ka ga kaurinta, ka ɗaga akwatinta ka ji nauyi, ka tuna abin da ya fita daga asusunka, sannan ganga za ta yi zurfi, muryar mawaƙi ta matso kusa. Kakanninmu sun riga sun faɗa, gani ya kori ji.

Kada a manta da jinƙanta ga mawaƙa. Yawancin waƙoƙin da duniya ke ji an ɗauke su ne a ɗakunan da aka jona na'urori da baƙar wayar da ta zo cikin kwali kyauta. Daɗin da ba a ɗauka ba tun farko, ita ce ke dawo da shi a falon mai saye.

Sai babbar falalarta: tana raba mutum da kuɗin da zai iya ɓatawa a kan abubuwan da ke aiki. Ka ɗauki yaron da ya buɗe ɗan situdiyo a ɗaki guda, ya shekara yana tari. Da an bar shi, da ya sayi lasifika mai kyau, ya lulluɓe bango da abin da zai hana amsa-kuwwa, ya matsar da lasifikar daga lungu, abubuwan da ko kurma zai ji canjinsu a ƙirjinsa. Da ya kira mai gyaran wuta ya kafa masa wayar ƙasa ta gaskiya, ta kashe gurnanin da ke bin waƙarsa, ta tsare ransa ranar da wuta ta hau jikin ƙarfe. Da ya sayi sitabilaiza, ya cire jabun wayar nan mai alminiyon a ciki da fentin jan ƙarfe a waje, wadda ke zafi har ta narke ta tashi gobara cikin dare mutane na barci. Duk wannan gimbiya ta ɗauke masa, ta bar shi da bango mai amsa-kuwwa, da soket mai tartsatsi, da waya ɗaya kyakkyawa a kan 'yar kujerarta.

Masu tallarta sun fi yin alfahari da abu guda: wai tana sa bayan kiɗa ya yi tsit, shiru mai duhu, ba ko ɗigon hayaniya. Wannan alƙawari kam na shaida tana cikawa a ƙasar nan, sau da yawa ma a yini. Da zarar NEPA sun ɗauke, falon Alhajin da ya saye ta zai yi tsit, ya yi duhu, daidai yadda takardar talla ta faɗa. Maƙwabcinsa mai wayar Sabon Gari shi ma yana samun shirun nan a daidai wannan minti, sai dai nasa shirun na araha ne.