Zuwa ga Tobashina Mai Neman Kuɗin Intalok

Landan, Ingila



Ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da uwargida da yara. Ya damina? Ya mutanen Zariya? Mu nan sai godiya, sanyi ya fara leƙo kai.

Saƙonka ya iso ni, har da hoton takardar da birkila ya rubuta maka. Wato lungun nan na gefen gida, wanda ya tashi daga ƙofar baya ya zagaya zuwa turken awaki, shi za a shimfiɗa wa intalok? Tsakaninka da Allah, wa ke bin lungun nan? Gwaggo in za ta kai dusa, almajirin da ke fitar da shara, sai kuma kai ranar da mai bin bashi ya yi sallama a zaure. Awakin ne suka kawo maka ƙara cewa kofatonsu na ɓaci, ko gwamna ka gayyato ya zo buɗe hanya?

Kada ka ɗauka gyaran nake ƙi. Wallahi lungun nan yana raina. Duk watan Agusta nakan tuna yadda ruwan indararo ke kwanciya a gindin katanga, gansakuka ta yi kore shar, ga Gwaggo da ciwon gwiwa tana dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kwanon dusa. Santsin nan da danshin da ke cin gindin gini, su nake so a kashe. Kuma ba sai an sayar da akuya za a kashe su ba.

Ka ce tsawon lungun mita 12 ne, faɗinsa mita 1. Intalok mai santimita 20 a 10, sai an jera guda 50 kafin a rufe murabba'in mita ɗaya. Guda 600 ke nan, ban da yashin shimfiɗa, da kuɗin mota, da kankaren da zai riƙe gefe, da ladan mai aiki. Abin an yi shi ne don farfajiyar da mota ke takawa safe da yamma. Daidai ruwa daidai tsaki, ɗan Gwaggo.

Ka zo nan ka ga masu kuɗin da kake jin labari. Gidaje da yawa suna da irin wannan siririn lungu a gefe, inda ake turo durom ɗin shara mai taya ranar da motar kwasa za ta zo. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne, motarsa ta fi ta hakimi sheƙi, amma lungunsa tsakuwa ce zalla. Na tsaya a kansa yana aikin. Ya kankare ciyawa, ya daddaɓe ƙasa, ya shimfiɗa wani baƙin ƙyalle da ruwa ke ratsawa amma ciyawa ba ta iya hudawa, sannan ya zuba tsakuwa kaurin santimita 5. A tsakiya ya jera tsofaffin fale-falen kankare da ya samu kyauta a Facebook, domin a nan wanda ya sabunta tsakar gidansa har roƙo yake a zo a kwashe masa tsofaffin. Kafin la'asar ya gama yana shan shayinsa. Ita hukuma ma tana goyon bayan tsakuwa: tun shekarar 2008, bayan ambaliyar da aka sha a 2007, wanda zai malale gaban gidansa fiye da murabba'in mita 5 da abin da ruwa ba ya ratsawa, kuma ruwan ba shi da inda zai nutse a cikin filinsa, sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma. Sun gane cewa ruwan da ƙasa ba ta sha ba, ƙofar wani zai je.

To ga yadda nake so a yi namu. A fara da gangara, don ita ce uwar aikin. A sassaƙe ƙasar ta karkata daga jikin bango, kamar santimita 2 a kowace mita, a yi 'yar kwata ta kai ruwan waje. A zuba burji kaurin santimita 10, a yayyafa ruwa, a kirɓe shi har sai ka taka ba ka ga sawunka ba. Kai za ka yi kirɓin da kanka, ko tumbin nan da na gani a hoton Sallah ya ɗan sassauta wa rigarka. In an gama a shimfiɗa tsofaffin buhunan taki maimakon ƙyallen Bature, a zuba tsakuwa, baro goma za su kai. A tare gefen da ragowar bulon da ke jibge bayan kicin, in ba haka ba awaki da yara masu danƙon harbin tsuntsu za su raba ta a wata guda.

Saboda ƙafar Gwaggo, tsakuwa kaɗai ba ta isa ba, tana gudu a ƙarƙashin silifa. A buga fale-fale 20, kowanne santimita 45 a 45, kauri 5, a jera su taku-taku. Kafinta ya haɗa mazubi na katako, a kwaɓa kwano ɗaya na siminti da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa. Buhu biyu sun isa. Kafin su bushe a ja tsintsiya a kansu su yi kaushi, kuma a yi ta ba su ruwa kwana 7. A auna tazarar da takun Gwaggo, ba da naka na mai gudun bashi ba.

Na san za ka ce fasassun tayil suna da araha kuma suna da kyan gani. Haka ne, amma suna cin siminti, kuma in ruwa ya taɓa su santsinsu ya fi na gansakuka. Daɓe da makuba irin na Kaka kuwa, Allah ya jiƙanta, ya fi dacewa da cikin ɗaki da rumfa. A ƙarƙashin indararo damina ɗaya za ta tone shi. Af, shi ma indararon a sa masa bututu ko a ajiye durom a ƙasansa.

Zan turo kuɗin burji da tsakuwa da siminti ranar Juma'a in Allah ya yarda, ta hannun uwargida, don ita ta san lissafi. Abin da ya yi saura a kai Gwaggo asibiti a duba gwiwar nan. Kuɗin shararka na Cika-ciki kuma yana nan, sai na ga hoton lungun da kai a ciki riƙe da shebur.

Ka gaishe min da Gwaggo da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a. Ka gaida liman da mutanen majalisa.

Naka,
ɗan kawunka.