Ni Ne Gidan Rediyon Yekuwa

A Yekuwa jirgin sama bai taɓa sauka ba, iyakacinmu mu ɗaga kai mu ga farin layin da ya bari. Amma duk garin ni ke riƙe da sashen labaran jirage, kuma ba wanda ya naɗa ni.

Cutata ita ce, in saƙon murya ya shigo WhatsApp kan jirgin alhazai, ba na iya sauraronsa har ƙarshe. Da mai magana ya ce "Innalillahi", na riga na tura. Wane jirgi ne, yaushe abin ya faru, daga Yamai ya tashi ko daga Kano, duk sai daga baya, in rezo ya yarda. Nakan ce wa kaina tausayin jama'a ne. Ina! So nake a ce a bakina aka fara ji.

Tsoron dai ba banza ba. Ran 11 ga Yuli 1991 jirgi ƙirar DC-8 ya taso daga Jidda da alhazai zai nufi Sakkwato, ya kama da wuta, mutum 261 ba wanda ya tsira. Sai da masu bincike suka bi diddigi aka gane tayoyi ne marasa isasshiyar iska suka fashe wajen tashi, aka naɗe su cikin jirgin suna ci da wuta. Jirgin UTA kuwa da bam ya tarwatsa a saharar Tenere ran 19 ga Satumba 1989, da mutum 170 a ciki, sai a 1999 kotun Paris ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu. Ni fa kafin a zuba shayi na biyu na gano musabbabi, har na raba wa kowa laifinsa.

Wata shekara ana tsakar jigilar maniyyata, na tura wa dangi cewa injin jirgi ya kama da wuta. Ba a jima ba sai ga Gwaggo a kan kabu-kabu, mayafi a karkace, takalmin ƙafar dama daban da na hagu. Autanta na cikin masu tafiya.

"Kai ɗan nan, wane jirgi?"

Na yi tsuru-tsuru. Na sake kunna saƙon a gabanta, wannan karon har ƙarshe. Ashe tsohon labari ne na wata ƙasa can. Da muka kira autan, tuwo yake ci, ko ranar tashinsu ba a sa ba. Gwaggo ta gyara mayafi, ta ce, "Allah ya shirye ka," sannan ta sa na biya mai kabu-kabu zuwa da dawowa.

Na tura gyara, amma ba wanda ya ɗauke shi ya kai gaba. Saƙon farko kuwa ya bi Magarya, ya leƙa Dungas, ya tsallaka iyaka, ya dawo mini da muryar wani Bakano, an ƙara masa adadin gawawwaki da sunan asibiti. Wallahi har na ɗora yatsa zan tura kafin na gane nawa ne.